Faifan bayan fage na kiɗan rok: abin da ya kamata ku sani

A cikin masu son kiɗan rok, wanda ya taso a Amurka da Ingila tun shekarun 1950, akwai wasu da lamarinsu ke ba mutane mamaki. Suna da faifan da kamfani ya gyara tsaf a sutudiyo, suna kuma jin daɗinsa, amma abin da ya fi kama zuciyarsu shi ne wani tsohon sauti da ɗan kallo ya ɗauka a ɓoye, da ƙaramar rakoda a cikin riga, a tsakiyar dubban mutane. Sautin a dusashe yake, muryar mawaƙi tana zuwa daga can nesa, na kusa da rakodar sai ihu yake yi, wani lokaci ma waƙar ta yanke ana tsaka da ita. Duk da haka ana adana irin wannan sauti, ana musayarsa daga ƙasa zuwa ƙasa, har littattafai ake rubutawa a kansa. Dalilin kuwa guda ne: kowane wasa sau ɗaya yake faruwa, wannan faifan shi ne shaidar da ta rage.

Mene ne faifan bayan fage?

Turawa na ce masa bootleg. Shi ne sautin wasa ko na atisaye wanda mawaƙi da kamfaninsa ba su fitar ba, amma ya sulale ya isa hannun jama'a. Ya bambanta da satar fasahar da muka saba ji, inda wani zai kwafi faifan da ke kasuwa ya sayar da araha. Na bayan fage abu ne da babu shi a kanti ko kaɗan.

Ta hanya uku yake samuwa. Ta farko ita ce ɗaukar ɗan kallo, wanda ke shiga da makirfo da rakoda ya tsaya cikin taro. Ta biyu ita ce wadda ake jona rakoda da na'urar haɗa sauti ta masu wasan, sai daga baya kaset ɗin ya fita ta hannun wani ma'aikaci. Ta uku kuma ita ce wasan da gidan rediyo ya watsa kai tsaye, wani ya naɗa a gida. Wasannin Bruce Springsteen na 1978 da gidajen rediyon Amurka suka watsa sun yi shekaru masu yawa suna yawo ta wannan hanya. A cikin ukun, ɗaukar ɗan kallo ce ta fi rashin kyan sauti, ita ce kuma aka fi so da zuciya ɗaya.

Daga ina abin ya faro?

Sha'awar ta girmi kiɗan rok. Tsakanin 1901 da 1903, Lionel Mapleson, mai kula da takardun kiɗa a gidan wasan Metropolitan Opera na New York, ya riƙa ɗaukar guntayen wasanni da na'urar da ke zana sauti a jikin kaki. Da ƙyar ake jin muryoyin, amma wasu mawaƙan zamanin ba a da wata shaidar yadda suke waƙa a gaban jama'a sai ita. A 1947 da 1948 kuma Dean Benedetti ya riƙa bin mabushin jaz Charlie Parker gidajen rawa, yana kunna rakoda in Parker ya fara busa, yana kashewa in ya gama.

A kiɗan rok kuwa, shekarar da ake kafa tarihi da ita ita ce 1969. A watan Yulin wannan shekara wasu samari biyu a Los Angeles, Dub Taylor da Ken Douglas, suka buga faifan garmaho na waƙoƙin Bob Dylan da ba a taɓa fitarwa ba, suka saka shi cikin farar jaka ba hoto ba suna. Shi ne aka laƙaba wa Great White Wonder. Bayan wata huɗu, ranar 9 ga Nuwamba, Taylor ya shiga wasan Rolling Stones a Oakland da dogon makirfo da rakodar Uher, ya ɗauke wasan daga cikin taro. Kafin shekara ta ƙare faifan ya fito da sunan Live'r Than You'll Ever Be, mujallar Rolling Stone ta yaba masa kamar yadda take yaba wa faifan kamfani. A watan Satumban 1970 ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wannan rangadi, Get Yer Ya-Ya's Out!, kuma masana tarihin kiɗan sun daɗe suna danganta fitowarsa da kasuwar da na bayan fagen ya yi. Su Taylor suka kafa tambarinsu, Trade Mark of Quality, wasu suka bi sahu.

Yaya ake shiga da rakoda?

Aikin na masu ƙarfin hali ne, domin masu gadi na lalube a ƙofa. Manajan ƙungiyar Led Zeppelin, Peter Grant, ya yi ƙaurin suna wajen farautar masu ɗauka da lalata musu kayan aiki.

Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne Mike Millard na yankin Los Angeles. Lafiyarsa ƙalau, amma a keken guragu yake zuwa wasa, abokinsa na tura shi. Rakodarsa, Nakamichi 550, babba ce mai nauyi, a ƙarƙashin matashin kujerar keken yake ɓoye ta. In sun wuce masu gadi sai su shiga banɗaki, ya saka ƙananan makirfo biyu cikin hularsa, ya zura wayoyin ta cikin riga har zuwa jakar da rakodar take. Yakan nemi kujera a layukan gaba, inda sautin dandamali da na lasifika ke haɗuwa daidai. Da zarar an kashe fitilu ya danna maɓalli, shi ke nan ba juya kai, ba tafi, ba magana, domin duk motsin da ya yi zai fito a kaset. Da haka ya ɗauki wasan Led Zeppelin na ranar 21 ga Yunin 1977 a zauren Forum, wasan sama da awa uku, wanda ya yaɗu da sunan Listen to This, Eddie. Millard bai sayar da kaset ɗinsa ba, kyauta yake bai wa waɗanda ya amince da su, kuma yana jin zafin masu mai da aikinsa haja. Ya rasu a 1994. A 2003, da Led Zeppelin ta fitar da faifan bidiyonta na tarihi, sai ga wani yanki na sautin da Millard ya ɗauka a ciki.

Me ke lalata sautin?

Ba kowa ne Millard ba. Yawancin masu ɗauka da rakodar aljihu suke aiki, daga duk inda tikitinsu ya kai su. Matsala ta farko ita ce zauren kansa. Filin ƙwallon kwando ko na dambe ba don kiɗa aka gina shi ba, sauti na dukan bango da rufi ya dawo, makirfon da ke nesa sai ya kwashi amsa-kuwwa fiye da kiɗan. Ta biyu ita ce ƙara. Kiɗan rok da ƙarfi ake yin sa, ƙaramar rakoda kuwa in ƙara ta fi ƙarfinta sai sautin ya farfashe, ganga ta koma kamar ana yaga takarda. Wasu rakodojin na rage ƙara da kansu, shi ya sa za ku ji kiɗan yana nutsewa yana tasowa duk sanda aka daki babbar ganga.

Sai kaset ɗin. Zarensa na tafiya santimita 4.76 ne kawai a daƙiƙa, don haka yana da wata ƙara ta shuu da ba ta rabuwa da shi. Mai minti 90 yana ƙarewa a minti 45 kowane gefe, in lokacin juyawa ya zo a tsakiyar waƙa, wannan yankin ya tafi har abada. In batir ya yi sanyi ana cikin ɗauka, injin sai ya rage gudu, ranar da aka kunna kaset ɗin a rakoda mai lafiya sai a ji kiɗan yana sauri, murya ta sirance. Daga nan kuma sai kwafi: wannan ya kwafa wa wancan, wancan ya kwafa wa na gaba, kowane kwafi na ƙara shuu yana cinye kaifin sauti. Shi ya sa masu tara irin wannan faifai ke tambayar asalin kowane kaset, hannu nawa ya bi kafin ya iso.

Wanda aka ɗauka daga na'urar haɗa sauti ma yana da nasa aibin. Mai haɗa sautin don mutanen zaure yake aiki, abin da ya riga ya yi ƙara a dandamali ba ya ƙara masa. Sai a sami murya a sama, gita a ƙasa, jama'a kuwa kamar ba su zo ba. Da yawa daga masoya na cewa irin wannan tsaf yake amma ba rai.

To me ake ji a ciki?

Abu na farko, ana jin wasan yadda ya gudana. Faifan wasa da kamfani ke fitarwa yawanci an tsince shi ne daga dare biyu ko uku, an cire kurakurai, wani lokaci ma mawaƙi ya koma sutudiyo ya sake rera inda muryarsa ta kauce. Na ɗan kallo kuwa ba wanda ya taɓa shi. In tsirkiyar gita ta tsinke za a ji, in mawaƙi ya manta baiti za a ji, in kuma a daren ne ƙungiyar ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, shi ma yana nan. Led Zeppelin ta yi ɗaruruwan wasanni daga 1968 zuwa 1980, ba ta cika yin waƙa da salo iri ɗaya dare biyu ba, amma faifan wasa guda ɗaya tak ta fitar a tsawon rayuwarta, The Song Remains the Same na 1976. Wanda ke son sanin yadda mai ganga John Bonham yake sauya salo daga dare zuwa dare, dole ya koma ga kaset ɗin 'yan kallo.

Abu na biyu, ana jin wurin da mutanensa. Ranar 23 ga Agustan 1970 wata mata mai suna Brigid Polk ta ajiye ƙaramar rakodar kaset a teburinta a gidan rawa na Max's Kansas City da ke New York, ƙungiyar Velvet Underground na wasa. Makirfon ya fi kusa da teburin fiye da dandamali, don haka tsakanin waƙoƙi ana jin marubuci Jim Carroll yana neman a kawo masa abin sha, ana jin hirar mutane. Daren ya zama na ƙarshe da jagoran ƙungiyar, Lou Reed, ya yi wasa da ita kafin ya fice. Da kamfani ya rasa wani sautin daren, wannan kaset ɗin ya saya ya fitar a 1972. Haka wasan ƙarshe na Stooges kafin watsewarsu, a Michigan Palace da ke Detroit ranar 9 ga Fabrairun 1974: 'yan kallo na jifa, mawaƙin ƙungiyar Iggy Pop na mayar musu da magana, ana jin kwalabe na fashewa a dandamali. Wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar da shi a 1976 da sunan Metallic K.O. Babu sutudiyon da zai iya ƙera wannan.

Abu na uku, wani lokaci shi kaɗai ne ya rage. A ƙarshen Disambar 1962 an ɗauki Beatles a gidan rawa na Star-Club da ke Hamburg a Jamus, da rakodar gida ta Grundig da makirfo ɗaya. Sautin ba daɗi, amma a ciki ne ake jin samarin huɗu suna kiɗa da sauri da gaggawa a gaban 'yan kallon dare, watanni kaɗan kafin duniya ta san su. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma abin da kunne ke yi da kansa. Mintuna kaɗan na farko shuu ɗin ne ke damun mai sauraro. In ya yi haƙuri sai kunnen ya saba, hankali ya koma kan kiɗan, ya fara cike gurbin abin da rakoda ta rasa. Wannan ƙoƙarin da mai sauraro ke yi yana cikin abin da ke ɗaure shi da faifan, domin sauraro ne na natsuwa, ba na kiɗan da ake kunnawa ana wani aiki ba.

Ƙungiyar da ta buɗe ƙofa

Grateful Dead ta San Francisco ta ɗauki wata hanyar dabam. Ta yi wasanni sama da 2,300 daga 1965 zuwa 1995, tana sauya jerin waƙoƙi kowane dare, masoyanta na bin ta gari gari. Da ta ga ba za ta iya hana masu ɗauka ba, a watan Oktoban 1984 sai ta keɓe musu wuri na musamman a bayan mai haɗa sauti, inda suke kafa makirfo a kan dogayen sanduna. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: a yi musaya, kada a sayar.

Al'ada ta ginu a kan wannan sharaɗi. Sabon shiga da ba shi da abin musaya sai ya aika wa tsohon hannu kaset-kaset marasa komai da kuɗin gidan waya, shi kuma ya zauna ya kwafa masa, ya rubuta kwanan wata da sunan gari da jerin waƙoƙi da hannu a jikin kwalin, ya mayar masa. Ba a karɓar ko sisi. Ƙungiyar ba ta yi asara ba, domin kowane kaset ya zama mai kiran sabon ɗan kallo. Wasanta na ranar 8 ga Mayun 1977 a Jami'ar Cornell ya yi suna ne ta hanyar musayar kaset, har a 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan tarihi da ƙasar ke adanawa, shekara biyar kafin a fitar da shi a kasuwa. Yau dubban wasanninta na nan kyauta a rumbun Internet Archive, tare da na wasu ƙungiyoyin da suka ba da izini.

Ina haƙƙin mawaƙi?

Nan ne maganar take da nauyi. Wanda ya buga faifan bayan fage ya sayar, ya ci gumin wani, domin ko kwabo ba ya isa hannun mawaƙi. Akwai kuma haƙƙin mutum ya zaɓi abin da zai fita da sunansa. Beatles ba su yarda da fitar da sautin Star-Club ba da aka yi a 1977, sun yi ta shari'a har 1998, ɗaya daga cikinsu, George Harrison, ya ba da shaida a kotu a Landan, suka yi nasara. A Amurka, dokar 1994 ta haramta ɗaukar wasa da cinikinsa ba da izinin mai wasan ba, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ta bai wa mai wasa wannan kariya.

Wasu mawaƙan sun gane cewa maganin abin shi ne su biya buƙatar da kansu. A 1991 Frank Zappa ya tattara faya-fayan bayan fage na wasanninsa, ya sake buga su da sunansa. A wannan shekarar Bob Dylan ya fara fitar da jerin Bootleg Series, wanda a 1998 ya kawo wasansa na ranar 17 ga Mayun 1966, daren da wani ɗan kallo ya yi masa ihun "Judas", wato maci amana, saboda ya koma kiɗa da gitar lantarki. Shekara da shekaru faifan na yawo da sunan zauren Royal Albert Hall na Landan, alhali a Manchester aka yi wasan. Pearl Jam kuwa ta fitar da wasanni 72 na rangadinta na shekarar 2000, kowanne a faifansa.

Abin bai yi nisa da mu ba

A Sahara ma haka kiɗan gita na Abzinawa ya yaɗu. A shekarun 1980 ƙungiyar Tinariwen ba ta da kamfani, duk wanda ya kawo kaset sai a naɗa masa, kwafi ya haifi kwafi daga Libiya da Aljeriya zuwa Mali da Nijar, tun kafin ta ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su tare da na wasu mawaƙa a katin waya, ya bi sawun masu su, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011 tare da biyansu haƙƙinsu. Wanda kuma ya taɓa sauraron tsohon kaset ɗin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo da aka ɗauka a wajen biki, da guɗa da muryar sanƙira yana shelar kyauta, ya riga ya san daɗin da ake magana a kai.

Kafin ku fara sauraro

Ku fara da mawaƙin da kuka san waƙoƙinsa na sutudiyo, domin sai an san asali ake gane abin da aka sauya. Ku zaɓi wasa guda ku saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, kada ku yanke hukunci a mintunan farko. Kada ku amince da duk abin da aka rubuta a jiki, domin kwanan wata da sunan gari sukan zo a karkace, kamar yadda labarin Manchester ya nuna. Ku nemi waɗanda masu su suka halatta a yaɗa, in mawaƙi ya fitar da nasa ku saya daga gare shi, kada kuma ku ba mai cinikin gumin wani kuɗinku. In a wajen wasa kuke, mai wasa ya ce a ajiye waya, ku ajiye.

In kuma akwai tsofaffin kaset-kaset a akwatin gidanku, na biki ko na wasan wani makaɗi, kada ku zubar don sautinsu ya dusashe. Zafi da danshi na cin zaren kaset a hankali. Ku nemi wanda zai mayar muku da su cikin kwamfuta, ku rubuta sunan makaɗin da garin da shekarar tun masu sanin labarin suna raye, domin mai yiwuwa kwafin da ke hannunku shi kaɗai ne ya rage.